Madubin ganin ƙwayoyin cuta da na saya a Jos: ya nuna min kududdufi, bai nuna min rijiyata ba

A jikin kwalin an rubuta cewa yana ƙara girman abu sau 2000, ga hoton ƙwayar korona an buga ɓaro-ɓaro. Mai shagon, can wajen Terminus, ya ƙara da nasa: "Alhaji, ko maleriya ce a jinin yaro, kana ɗiga jinin za ka gan ta." Buƙatuna biyu ne. Ina da 'ya a ajin SS2 mai son darasin halittu, sannan rijiyarmu a Anguwar Rogo tana damuna, domin da damina ta kankama sai yara su fara gudawa. Na biya kuɗin da kun san ba kaɗan ba ne.

Bari in fara da abin da ya burge ni. Ƙanin matata ya ɗebo mana ruwa a gora daga wani tsohon kududdufin haƙar kuza, irin waɗanda suka cika gefen gari, inda samari ke zuwa iyo. Muka ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, muka rufe da siririn murfinsa. A girma sau 100 kawai, wallahi sai da na ɗago kai na yi salati. Ga wata halitta mai siffar tafin silifa tana ninƙaya tana juyi, ta bugi ɓurɓushin datti ta ja da baya ta sake hanya. Ga wasu koraye kamar zare, ga wata 'yar tsutsa fara tana murɗe jiki ba hutawa. Ruwan nan a gora garau yake. Yaran gida suka yi layi, har da na maƙwabta, mahaifiyata ma ta sa ido ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Ikon Allah, duk wannan a ɗigo guda?" Ɗana da na yi ta hana shi zuwa kududdufi yana ƙi, tun ranar bai sake tambaya ba. Na san ba duka halittun nan ne ke sa cuta ba, yawancinsu ma ba ruwansu da mutum, amma abin da faɗa bai yi ba gani ya yi. A daren nan da an ce in ba madubin maki, da cikakke zan ba shi.

Sai muka zo kan ruwan rijiya, wanda dominsa na saya. Babu komai, sai haske fari da ɗan yashi. Na ji daɗi ƙwarai, har maiɗakina ta fara cewa to a huta da tafasa ruwa, gawayi ya yi tsada.

Allah Ya taimake mu akwai maƙwabciyarmu da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ta yi karatunta a Vom. Ta juya madubin ta duba idanunsa uku, wato gilasan da ke fuskantar abin da ake dubawa, na 4, na 10 da na 40, waɗanda gilashin da ake sa ido ke ninka ƙarfin kowannensu sau 10. Ta ce, "Baban yara, wannan iyakarsa sau 400 ne. Sauran kumbura hoto ne kawai." Gaskiya ta faɗa, domin idan ka sa ƙarin gilasan da ke kai shi 2000, hoton yakan yi girma ya dushe, ba sabon abin da ke fitowa. Ta bayyana min cewa ƙwayar maleriya a cikin jajayen ƙwayoyin jini take ɓuya, sai an shafa jinin ya bushe, an rina shi da rinin Giemsa, an duba da ido na 100 da ake ɗiga wa mai, girma sau 1000 ke nan. Nawa ba shi da wannan idon, ba mai, ba rini. Korona kuwa girmanta wajen maikiromita 0.1 ne (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), madubi na yau da kullum da ke aiki da haske kuma ba ya bambance abin da ya gaza 0.2, komai tsadarsa. Hoton kwalin ƙarya ce tsagwaronta.

Abin da ya fi tayar min da hankali maganar rijiyar ce. Ƙwayoyin taifot da na kwalara tsawonsu 'yan maikiromita ne, ba su da launi, kuma za su iya zama a ruwa da yawan da zai kwantar da mutum alhali ɗigon da ka ɗauka bai kamo ko ɗaya ba. A ɗakin gwaji ma shuka ruwan ake yi a jira su hayayyafa. Maƙwabciyar ta sa muka gwada nono, muka tsinka shi da ruwa, a sau 400 muka hango 'yan ɗige-ɗige da 'yan sanduna suna rawa. Bakteriya ce, amma mai amfani da mai kisa a wannan madubin duk kamanninsu ɗaya.

To ku duba mana. Saura ƙiris gidana ya daina tafasa ruwa saboda maganar mai shago. Wani uban zai ɗiga jinin ɗansa mai zazzaɓi, ya ga jajayen ƙwayoyi lafiya lau, ya ce ba maleriya, ya zauna a gida. Wannan tunanin shi ya rage min son abin.

Ingancin jikinsa ma akwai magana. Maballin daidaita gani na roba ne, yanzu ya saki, kana sakin hannu hoton ya gudu. Siraran gilasan rufi da suka zo da shi sun kusa ƙarewa, da wuya su yi aiki biyu ba su fashe ba. Fitilarsa dai tana aiki da batir, ba ruwanka da ɗauke wuta, wannan na yaba.

Na koma shagon na gaya masa komai a natse. Ya ce shi abin da ke kwali ya karanta, kuma kaya in ya fita ba ya dawowa. Kuɗina ban nema ba, roƙonsa na yi ya daina ce wa mutane ana gwada maleriya da shi. Ya ce ya ji. Ina fita na ga sauran kwalayen jere a gaban shago, hoton koronar yana kallon titi.

Ɗalibi mai son ganin ƙwayoyin fatar albasa da halittun kududdufi zai more shi, 'yata har zane take yi a littafinta. Mai zazzaɓi kuwa a kai shi gwaji. Ruwan rijiyarmu muna ci gaba da tafasawa, kuma maƙwabciyar ta ba ni kwalba mai tsabta da zan kai samfurinsa a shuka.