Juyen mai a gangaren ƙofar gida ko a kan ramin gareji?

Ɗan'uwa, ka ce ƙofar gidanka gangare ce ta wajen gulbi, kana tambaya ko ka juye wa Corolla ɗinka baƙin mai a nan, ko ka kai gareji. Ga yadda nake ganin su biyun.

Wajen tsiyayar da tsohon mai, gangare bai da laifi sosai. A motoci da yawa notin juye yana can bayan kwanon mai, don haka in ka sa gaban mota ya kalli tudu, mai zai gangaro wajen notin ya fita tas. In ka juya ta akasin haka, dattin zai kwanta a lungu, sabon mai ya iske shi. A kan rami kuwa mota daidai take zaune, yadda masu ƙera ta suka nufa.

Wajen awo ne gangare ke yaudara. Tsinken gwajin mai ba ya faɗin gaskiya sai a shimfiɗaɗɗen wuri. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama wajen lita 1 zuwa 1 da rabi ce kawai, karkata kaɗan ta isa ta sa ka cika fiye da kima, mai ya yi kumfa, ya fara tsatsafowa. Corolla wajen lita 4 take sha har da filta. Zuba ƙasa da haka kaɗan, ka tayar da inji, ka kai ta wuri daidai, ka kashe, bayan minti 5 ka auna ka cika.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaga mota. Ƙasarmu ta Maraɗi rairayi ce, jak nutsewa yake yi ko a fili, balle a gangare. Birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, kuma Corolla da gaba take ja, da zarar ka ɗaga gaban, giyar da ka sa ba ta riƙe komai. Bulon siminti fashewa yake yi ba sallama. Don Allah kada ka shiga ƙarƙashin abin da ya haura tan guda a haka. A rami babu abin da ake ɗagawa, makanike a tsaye yake aiki.

Kuɗin aiki kaɗan ne ka ke tsimi a gida. Ribar gaske ita ce ka san man da ya shiga motarka, kuma wannan kana iya samu in ka sayi galan ɗinka a rufe, ka tsaya a zuba a gabanka.

In hannunka na kaiwa ga notin ba tare da ɗagawa ba, yi a gida, ka tokare tayoyin baya da katako mai kauri. In sai an ɗaga, kai ta rami. Tsohon man kuma ka zuba a jarka ka kai wa masu gareji, kada ya bi kwata, don ruwan damina gulbi zai kai shi, inda mutane ke lambu.