Babban jirgin fito ko ƙarami mai gudu: wanne za a hau zuwa tsibiri?

'Yar'uwa, kin ce ku biyar ne za ku tafi hutu wani ƙaramin tsibiri da ke kusa da gaɓar teku: ke da maigida, yara biyu, da Hajiya mahaifiyarki. Jirage iri biyu ne ke fito zuwa can, babba mai ɗaukar motoci, da ƙarami mai gudu wanda mutane kawai yake ɗauka, kina son sanin wanda ya fi. Shawararmu ita ce ku fara da lissafin dawowa. Dukansu za su kai ku, amma ba dukansu ne za a dogara da su su maido ku ranar da kuka tsara ba.

Gudu shi ne abin da ke jan mutane zuwa ƙaramin, don haka mu auna shi. A ce nisan kilomita 20 ne. Babban jirgi mai tafiyar kilomita 22 a awa zai ci wajen minti 55. Mai gudu da ke yin kilomita 55 a awa zai ci minti 22. Rabin awa ke nan tsakaninsu, kuma dukansu sai sun rage gudu wajen fita daga tasha da shiga wata, abin da ke ƙara rage tazarar. Idan tafiyar ta awa uku ce ko huɗu, saurin yana da amfani sosai. Idan tsibirin ana hango shi daga gaɓa, ribar kaɗan ce, ga shi tikitin mai gudu ya fi tsada a yawancin wurare domin ya fi shan mai.

Inda suka rabu da gaske shi ne igiyar ruwa. Jirgi mai gudu, wanda galibi mai ciki biyu ne da ake kira katamaran, ba shi da nauyi, kuma lasisinsa yana ƙayyade girman igiyar da aka yarda ya fita a cikinta. Da zarar igiya ta wuce wannan iyaka, kyaftin ba shi da zaɓi, sai a soke tafiya. Babban jirgi yana da nauyi, cikinsa ya nutsa sosai a ruwa, don haka yakan ci gaba da aiki a yanayin da ƙaramin ke ɗaure a tasha. Wani abin da baƙi ba su cika sani ba: a gaɓar teku da yawa, safiya ce lokacin da ruwa ya fi kwanciya. Rana na ɗagawa ƙasa ta yi zafi fiye da ruwa, iska ta taso daga teku, zuwa la'asar igiya ta girma. Wato lokacin da kowa ke son komawa gida shi ne lokacin da aka fi soke tafiyar ƙaramin jirgi. In aka soke, fasinjojinsa duka sai su rufa wa babban, kuma wanda ya riga ya riƙe tikitin babban shi ke da kujera.

Batun jiri da amai ya cancanci a tsaya a kansa, saboda yara da Hajiya. Dalilinsa shi ne kunnen ciki yana jin motsi, ido kuwa yana kallon bango ko waya yana cewa ba motsi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Motsin jiragen biyu ba iri ɗaya ba ne. Babban yana lilo a hankali, dama da hagu. Ƙaramin yana tsalle, goshinsa yana dukan igiya da ƙarfi, har mai ciwon baya ko mai juna biyu su ji a jikinsu. A babban, a zauna a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa in akwai, ko a fita waje a sha iska ana kallon inda sama ta haɗu da ruwa. A ƙaramin, a guji kujerun gaba ko da su ne suka fi kyan kallo, a nemi tsakiya zuwa baya. Da yawa daga cikin masu gudun a rufe suke, ba a barin fasinja ya fita waje, kuma wannan babbar naƙasa ce ga mai saurin tashin zuciya. Magani kuwa kafin a hau ake sha. Stugeron awa 2 kafin tashi, Dramamine minti 30 zuwa awa 1. Wanda ya jira sai cikinsa ya fara juyawa ya makara. Dukansu suna sa barci, saboda haka wanda zai yi tuƙi bayan sauka ya kiyaye, kuma a tambayi likita kafin a ba yara ko Hajiya, musamman idan tana shan wasu magunguna. Kada a hau da yunwa, kada kuma a cika ciki da abinci mai maiƙo.

Hawa da sauka ma akwai bambanci. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini a mafi yawan gaɓoɓi, kuma lokacin yana jinkirta da wajen minti 50 kowace rana. Cikar da janyewar sun fi tsanani lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika a sama. Idan ruwa ya janye, jirgi yana sauka ƙasa da dandamalin tasha, gadar shiga ta yi gangare. Ta ƙaramin jirgi siririya ce, tana motsi, mutum ɗaya-ɗaya ake bi. Ta babban faffaɗa ce, ana iya tura keken jariri ko na marasa lafiya, sai dai a ciki akwai matakala daga inda motoci suke zuwa wurin zama, kuma ba kowane jirgi ke da lif ba. Ki kira kamfanin ki tambayi wannan tun kafin sayen tikiti, ki gaya masu kuna tare da dattijuwa. Sukan shigar da irinta da wuri.

Mota fa? Mu dai muna ganin a bar ta a gaɓa. Ƙananan tsibirai da yawa ba sa karɓar motar baƙo, wasu ma ba a hawa mota a cikinsu, kamar tsibirin Gore da ke gaban Dakar, ko Haidira a ƙasar Girka. In ta kama dole a tafi da ita, babban jirgi ne kaɗai zaɓi. A yi rajistar wurinta da wuri, a faɗi tsawonta da tsayinta har da kayan da ke kan rufi, a isa tasha aƙalla awa 1 kafin tashi. A ciki a ja birkin hannu, a bar ta a giya, a kashe ƙararrawar ɓarayi domin lilon jirgi yana tayar da ita. A kwashi magani, ruwa da rigunan sanyin yara kafin a hau sama, don a jirage da yawa ba a komawa wurin motoci sai an isa.

Kaya: babban ba ya damuwa da yawan akwatuna, ƙaramin yakan ƙayyade nauyi ko ya karɓi kuɗin ƙari.

Kada girma ya sa ku sakankance. Jirgin Joola na ƙasar Senegal babba ne, an ƙera shi don mutane ƙasa da 600, amma ya kife ranar 26 ga Satumba 2002 ɗauke da ninkin haka sau uku, mutane fiye da 1,800 suka rasu. Lodi fiye da ƙima yana kashe babba da ƙarami. Ko wanne kuka hau, ki duba ana ƙirga fasinjoji ko rubuta sunayensu a ƙofa, ki gano inda rigunan kariya daga nutsewa suke, ki tambayi ma'aikaci rigunan yara, domin ta babba tana zamewa daga jikin yaro a cikin ruwa. Idan kika ga mutane sun cika hanyoyi da matakala, ana ta ƙara wasu, ku sauka ku jira na gaba.

Ga yadda za mu tsara maku. Idan hasashen yanayi ya nuna ruwa a kwance kuma Hajiya ba ta da ciwon baya, ku tafi da mai gudu na safe, ku dawo da babban. Idan akwai iska, ko an ce za a yi, babban zuwa da dawowa. Ku sayi tikitin dawowa tare da na tafiya, kuma kada ya zama na jirgin ƙarshe na ranar. Ku zaɓi wanda ke tashi kafin shi, in an soke shi akwai saura. Ku riƙe maganin Hajiya na ƙarin kwana biyu da tsabar kuɗi a hannu, domin ƙaramin tsibiri ba lalle ne yana da kantin magani ko na'urar cire kuɗi mai aiki ba. Idan kuma akwai jirgin sama da za ku kama bayan hutun, ku baro tsibirin kwana ɗaya kafin ranar, ku kwana a gaɓa.