Salkar goyo mai lita 3 da tawul ɗin sanyi: yadda suka yi a wasan eyasof cikin bazarar Katsina

Kaya uku ne a wannan sharhi: salkar ruwa ta roba mai cin lita 3 da ake goyawa a baya, tawul ɗin sanyi da ake jiƙawa a rataya a wuya, da ƙunshin gishirin ORS na kemis. Eyasof (airsoft) wasa ne na harbin juna da bindigogin wasa masu harba ƙwayar roba. Mun yi wasan da kayan nan a killataccen fili bayan garin Katsina tun daga bazara har damina ta kankama. Salkar ba mai suna ba ce irin su CamelBak ko Source, irin mai sauƙin kuɗin nan ce da ake oda ta intanet. Ta cancanci kuɗinta, sai dai ba don abin da masu talla ke faɗa ba. Ba ta sanyaya jiki, hasali ma ƙara wa baya zafi take yi. Amfaninta shi ne tana sa mutum ya sha ruwa a lokacin da ya kamata, kuma a wannan wasa ba ƙaramin abu ba ne.

Mai buga ƙwallo yana iya zuwa bakin layi ya fasa ledar ruwa. Ɗan eyasof hannuwansa biyu suna kan bindiga, fuskarsa na cikin takunkumi, ga tabarau na kariya da dokar wasan ta hana cirewa muddin ana cikin fili, domin ƙwayar roba mai faɗin milimita 6 tana iya tsiyaye ido. Ga ɗamara ta rufe ƙirji, ga safar hannu, ga takalmi mai wuya. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina da Daura ke kai digiri 40 har ya ɗara, mai gudu cikin irin wannan shiga yana zubar da zufa lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Iskar bazara kuma busasshiya ce, tana ɗauke zufar nan take, sai mutum ya ga rigarsa a bushe ya ɗauka bai yi asarar komai ba. Farin gishirin da ke fitowa a kafaɗar riga da gefen hula shi ne shaidar abin da ya fita.

Ita salkar sassa huɗu ce: jakar roba mai baki a sama, tiyo mai tsawon kusan mita ɗaya, kan tsotso da ake cijewa ruwa ya fito, da jakar yadi da ake saka ta ciki. Wadda muka gwada bakinta mai faɗi ne, ana naɗe shi a zura masa maƙulli. Wannan ya fi mai murfin murɗawa nesa ba kusa ba, don hannu yana shiga ciki a wanke, ƙanƙara ma tana shiga ba sai an farfasa ta ƙanana ba. Idan an cika ta, nauyin ruwan kaɗai kilo 3 ne. Ba kowa ke bukatar cika ta ba: wasan da ake yi zagaye-zagaye na minti 20 ko 30 ana dawowa sansani, lita ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa, a riƙa ƙarawa daga kula. Cikawa fal na wasan da za a daɗe ba a dawo ba ne.

Kafin a goya ta, a juya ta kai ƙasa a tsotse iskar da ta rage ta tiyo. In ba haka ba ruwan zai riƙa kacal-kacal a baya, abokin hamayya ya ji tafiyarka tun daga nesa, nauyin kuma yana jan ka gefe in ka yi kwana.

Inda take ba da matsala wuri uku ne, kuma duk maganinsu mai sauƙi ne.

Na farko mahaɗar tiyo da gindin salka. Akwai ɗan zoben roba a wurin, ƙurar Katsina kuma ba ta raga masa. Da yashi ya shiga, sai a fara ɗiga, ka ji ƙugunka ya jiƙe ka zaci zufa ce. A cire tiyon a ɗauraye mahaɗar bayan kowane wasa, a shafa wa zoben ɗan man silikon mai tsabta irin wanda aka amince a sa a kayan abinci. Kada a ɗauko wanda ake fesa wa bindiga.

Na biyu kan tsotso. Wanda ba shi da murfi, ana rarrafe ɗaya ya kwashi ƙasa. Wanda ba shi da makulli kuma, da ɗamara ta danne shi sai ya zubar da ruwan. Duk wanda zai saya ya duba waɗannan biyun kafin launi ko yawan aljihu. Tsagar robar tana buɗewa da yawan cizo, don haka a ajiye spaya ɗaya a jaka.

Na uku shi ne wanda kowa ke kuka da shi: kurɓin farko zafi ne kamar an ɗora a wuta. Tiyon yana riƙe ruwa kimanin mililita 30 zuwa 40, yana kwance a kafaɗa rana na dukansa. Mutane da yawa suna hura ruwan ya koma ciki, amma hakan yana tura yawu cikin salka, kafin kwana biyu ta fara wari. Abin da ya fi shi ne bayan an sha, a ɗaga kan tiyon sama da kafaɗa a matse kan tsotson da yatsu, ruwan zai gangara da kansa. Rigar tiyo mai soso tana ragewa, ba ta kawarwa. Tsohuwar safa da aka yanke aka zura ma tana yin kusan aikin.

Batun sanyin ruwa, dabarar da ta fi aiki ita ce a zuba ruwa rabi, a hura iska kaɗan don ɓangarorin su rabu, a kwantar da ita a firiza da mahaɗar tiyo a sama don kada ƙanƙara ta toshe ta, da safe a cike da ruwa. Inda wuta ba ta tsayawa, ƙanƙarar leda ta kasuwa ta wadatar, amma ba kowace ake sanin ruwan da aka yi ta da shi ba. Ledar ruwan sha da ta daskare ta fi aminci: a yanke ledar a jefa dunƙulen ciki, guda biyu lita ɗaya ke nan. Da haka ruwan yakan kai hantsi da sanyinsa. Bayan nan zafin baya da na rana sun cinye ƙanƙarar.

Yawan sha kuma yana da ƙa'ida. Kamar awa huɗu kafin wasa, a sha mililita 5 zuwa 7 a kan kowane kilo na nauyin jiki, wato mai kilo 70 ledar ruwa ɗaya ta ishe shi. Cikin wasa, kimanin kofi guda, mililita 200 zuwa 250, duk minti 15 ko 20. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaura shan a kan wani abu da ake maimaitawa: duk canjin magazin (gidan ƙwayoyin bindiga), ko duk lokacin da aka harbe ka kana komawa sansani, kurɓi uku ko huɗu. Kada a wuce lita ɗaya da rabi a awa ko da ƙishi ya yi tsanani, ciki ba ya iya wucewa da shi, sai kumburi da tashin zuciya. Aibin salka a nan shi ne ba ka ganin abin da ya rage, don haka a riƙa taɓa ta a kowane hutu. Wanda ke son sanin gaskiyar jikinsa ya hau sikeli kafin wasa da bayansa. Kowane kilo da ya ragu lita guda ce ta fita, a mayar da lita ɗaya da rabi a hankali kafin dare. Raguwar kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, kilo 1.4 ga mai kilo 70, ta isa ta rage gudu ta ɓata saiti.

Ruwa zalla ba ya isa idan wasa ya haura awa biyu. Zufa tana fita da gishiri, kuma wanda ya yi ta ɗura ruwa kaɗai yana iya tsinka gishirin jininsa, ya kamu da ciwon kai, amai da ruɗewa, alamun da ake ɗauka na ƙishi ne a ƙara masa ruwa a ƙara ɓata lamarin. A nan ORS ya shigo. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, ƙunshi ɗaya na lita ɗaya ne, amma akwai masu ƙaramin ƙunshi a kemis, don haka a karanta jikin takardar. An yi shi ne don mai gudawa, gishirinsa ya fi na lemon 'yan wasa, ɗanɗanonsa kuma ba kowa ke jurewa ba. Yadda muka ga ya fi daidai: salka ruwa zalla, ORS a gora daban a sansani, rabin lita a tsakiyar wasa, rabi a ƙarshe. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, duk a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya fara jin ta bakin likitansa.

Zoɓo, kunun aya, lemon kwalba, ko ɗaya kada ya shiga salka. Sukari a cikin tiyo mai ɗumi baƙin fumfuna yake haifarwa, kuma ba ya fita sai da burushi mai dogon waya. Fura da nono a bari sai an tashi. Kankana da ɗan kilishi ko gyaɗa mai gishiri a lokacin hutu sun fi duk wani lemon ƙarin kuzari.

Tawul ɗin sanyi shi ne ya ba mu mamaki, kuma ya fi salkar arha sosai. Aikinsa irin na randa ne: ruwa yana tashi daga jikinsa, yana tafiya da zafi. Don haka a Maris da Afrilu, da iska ke bushe, sanyinsa na gaske ne, sai dai yana bushewa da wuri, dole a riƙa jiƙa shi kusan kowane zagaye. Daga Yuli zuwa Agusta, iska ta cika da laima, sai ya zama tsumma mai ɗumi a wuya. Kada a cusa shi ƙarƙashin ɗamara inda iska ba ta kai wa, kuma jiƙar da ke tashi daga gare shi tana hawa tabarau ta yi hazo in an naɗe shi har haɓa. A sassauta shi a wuya kawai. Farin rawani mara nauyi da aka jiƙa yana yin kusan abin da yake yi, gaskiyar magana ke nan.

Abin da ya fi tawul da ƙanƙara tasiri shi ne rage kaya. Falmaran mai farantin sulke gaba da baya kyau kawai gare ta a hoto, a bazara tanda ce. Ɗamarar ƙirji mai aljihu uku ta isa. Takunkumin raga na ƙarfe ya maye gurbin na soso, amma ido sai tabarau mai gilashi da ke ɗauke da hatimin ingancin kariyar ido na ANSI Z87.1+ ko EN166, wanda ke da ƙofofin iska. Riga mai dogon hannu, sakakkiya, ruwan ƙasa ko ruwan toka. A guji baƙi saboda rana, a guji kakin soja saboda dalilin da ya fi zafi muhimmanci: sojoji sun sha gargaɗin farar hula a kan sa shi, kuma a halin tsaron jiharmu ba a yawo da abin da ya yi kama da bindiga a fili. Bindigar ta zauna cikin rufaffiyar jaka har a shiga filin, jami'an tsaron yankin kuma su san da wasan.

Zafin ba jiki kaɗai yake taɓawa ba. Gas ɗin da ake ɗura wa magazin galibi furofen ne, matsinsa kusan bar 8 (ma'aunin matsin iska) a digiri 20, ya haura bar 13 a digiri 40. Bindigar da aka auna ƙarfin harbinta da sassafe tana cikin ƙa'ida za ta iya wuce iyaka da hantsi, zobban robarta kuma su fara sakin iska. A sake aunawa in rana ta ɗaga. Gwangwanin gas, kwalbar CO2 da batirin bindiga na LiPo ba a barin su cikin motar da aka kulle a rana, a sa su a inuwa nesa da ƙanƙara mai narkewa.

A fara wasa bayan asuba da gari ya waye, a tashi kafin ƙarfe goma da rabi, ko a jira bayan la'asar. Sansani ya kasance ƙarƙashin bedi ko rumfa, da bokitin ruwa mai sanyi. Da an fito daga fili a kwance ɗamara, a cire hula da safar hannu, a tsoma hannuwa har gwiwar hannu na 'yan mintoci. Wannan yana sauke zafin jiki fiye da watsa ruwa a fuska. Sabon shiga, ko wanda ya dawo daga wuri mai sanyi, jikinsa na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba, don haka ya fara da rabin zagayen da wasu ke yi. Mai azumi kuwa ya haƙura da wasan rana gaba ɗaya.

Jiri, ciwon kai, ɗaurewar tsoka ko fitsari mai duhu, a fita a zauna a inuwa a sha ORS, wasan ranar ya ƙare. Idan mutum ya fara sambatu, yana tangaɗi, ko bai gane abokansa ba, wannan bugun zafi ne kuma yana kisa, ko da jikinsa na zufa. A tuɓe masa kaya nan take, a kwarara masa ruwan sanyi a duk jiki ana yi masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya, hammata da matsematsi, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa. A ci gaba da sanyayawa a cikin mota har Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibitin da ya fi kusa.

Sabuwar salka tana zuwa da warin roba. A cika ta da ruwan ɗumi, a zuba cokali biyu na bakar soda ko a matse lemon tsami biyu, a tsotso har cikin tiyo, a bar ta ta kwana, a ɗauraye. Bayan kowane wasa a zazzage ta, a cire tiyon a rataye shi a tsaye, a sa ludayi ko mariƙin kaya a ciki don bakin ya zauna a buɗe har ta bushe ƙarau a inuwa. Rana tana sa robar ta yi tauri ta tsage a wurin ɗinki.