Zaɓen ginshiƙai a R: wace hanya za ka kama?

Duk wanda ya sauke bayanan binciken gidaje daga KoboToolbox, manhajar tattara bayanai da fom, a Marwa ne ko a Njamena, ya san yadda tebur ke zuwa da tarin ginshiƙai alhali biyar kawai yake nema. Shawarata, in kana aiki da R, harshen kwamfuta na nazarin bayanai, kama select() na dplyr, fakitin ƙarin kayan aiki na R, wanda Hadley Wickham ya fitar a 2014.

Ka rubuta select(tebur, region, age), ka samu tebur mai ginshiƙai biyu. Ko ɗaya ka nema, tebur zai dawo maka. Sunayen Kobo masu ɗauke da sunan rukuni, irin menage/taille, starts_with("menage") zai kwaso su gaba ɗaya. Tun sigar 1.0.0 ta 2020 akwai where(is.numeric), mai tsamo ginshiƙan lambobi zalla. Suna mai tazara ko alamar /, kamar yadda fayilolin Faransanci suke yawan zuwa, sai ka sa shi tsakanin alamomin ` guda biyu, haka: `Âge du chef`. In sunayen suna cikin wani jeri, yi amfani da all_of(), don yana tsayawa ya yi ƙorafi in ɗaya ya ɓace. Shi kuwa any_of() shiru zai yi ya wuce, sai rahoto ya isa hannun mai kula da aikinka ka gane babu ginshiƙin kuɗin shiga.

Hanyar R ta asali, tebur[, "age"], ba ta buƙatar intanet don sauke wani fakiti, amma ginshiƙi ɗaya take mayarwa jerin lambobi sai ka ƙara drop = FALSE. Wani fakitin kuma, data.table, na masu miliyoyin layuka ne.

A yi hattara da select na bogi. Fakitin MASS, wanda ke zuwa tare da R, yana da nasa select, kuma in ka loda shi bayan dplyr sai ya danne na gaskiya, wato na dplyr. R mai Faransanci zai ce "argument inutilisé", mutum ya kwana yana neman laifi a bayanansa. Rubuta dplyr::select() a cike, magana ta ƙare. Haka alamar $ take ha'inci: a tebur na asali, tebur$reg zai ba ka region ba tare da gargaɗi ba, muddin shi kaɗai ya fara da waɗannan haruffa. Mafi muni shi ne zaɓe da lamba, irin tebur[, c(2, 5)]. Ranar da aka ƙara tambaya ɗaya a fom, ginshiƙi na 5 ya zama wani abu dabam, lissafi kuma ya ci gaba da fitowa kamar ba komai.