CIIN ko ICAN ga Mai Binciken Kuɗin Inshora?

Ɗan yayana da ke Agege ya samu aikin duba takardun albashin kamfanoni, don tantance kuɗin inshorar da ya kamata su biya. Sai ya rasa jarrabawar da zai kama.

ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya wadda aka kafa a 1965, akantoci take ƙerawa. Wanda ya bi ta, da ya buɗe takardar albashi zai hango inda aka ɓoye alawus ko aka zare sunayen leburori. Abin da nauyi, domin dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kamfani biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga NSITF, asusun gwamnati na biyan diyyar ma'aikata. Sai dai hanyar doguwa ce, ga haraji da sauran darussan da ba lallai ya taɓa su a ofis ba.

CIIN kuwa, cibiyar ƙwararrun inshora ta Najeriya da ke Ebute Metta, inshorar kanta take koyarwa: auna haɗari da biyan diyya. Ai ɗan dako a Apapa da magatakarda a Ikeja ba haɗarinsu ɗaya ba.

Na ce masa, "Ɗana, fara da CIIN, tunda digirinka na akanta ne."