Rediyon Littafi Mai Tsarki mai caji da rana, yadda muka same shi a wurinmu

Salama ƴan'uwa. Ana ta tambayata kan ɗan rediyon nan mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wai ya ci kuɗinsa ko kuwa a'a, to bari in faɗi abin da na gani a ekklesiyarmu nan ƙauye a yankin Sumaila. Amsata dai ita ce ku saya, amma ku saya wa zumunta, kar ku saya ku danƙa wa sabon mai bi shi kaɗai ku ce ai kun sauke nauyi.

Abun ƙarami ne yana shiga aljihun riga, bayansa faifan sola gabansa maɓallai. Ba ya kama tasha ko ɗaya, mu ne dai muke ce masa rediyo. Littattafai 66 ɗin nan duk suna ciki, 39 na Tsohon Alkawari 27 na Sabo. A wani shagon littattafai a Sabon Gari aka sayo mana, kuɗin kuma daga baikon godiya na kaka ne, dawar da aka tara aka kai kasuwa. Wajen caji gaskiya ya yi, mu da ba mu san wutar nefa ba, in ka ɗora shi kan rufin rumbu da hantsi ka ɗauke da la'asar ya ishe ku sauraron dare. Matsalar sai da hunturu in hazo ya rufe ko a tsakiyar damina in hadari ya wuni, nan fa caji ba ya cika sai an kai wa mai cajin waya, kuma a riƙa goge ƙurar bayan nan da tsumma don ita ke hana shi shan rana.

Mai karatun muryarsa a natse take, ba ya gudu, Hausarsa kuma tamu ce. Tsofaffinmu da suka haddace ayoyi daga tsohuwar fassarar 1932 sun ce wasu kalmomin sun canza musu, don na rediyon ya fi kusa da wadda aka sabunta wajen 1980 ɗin da muke karantawa a sujada, amma babu wanda ya ce bai gane ba.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku ji. Yawancin sabbin masu bi a wurinmu daga gidajen Maguzawa suke fitowa, manoma ne, da yawansu musamman mata ba su yi boko ba, in ka ba su Littafin sai su nannaɗe shi a leda su ajiye a ƙasan akwati don girmamawa. Kuma mutum in ya karɓi Yesu ba sunan addini kawai ya canza ba, abokan zaman giyarsa na yamma sun tafi, yankan da ake yi wa iskoki kafin shuka ya daina, wani lokacin ma ƴan'uwansa na ciki ɗaya su janye hannu daga gayyarsa. Wannan gurbin ba na'ura ce za ta cike shi ba. Abin da ke riƙe shi shi ne ranar noman farko ya ga matasan ekklesiya sun fito masa da fartanya, matarsa ta haihu Zumuntar Mata su zo da itace da gero da sabulu su zauna har suna, a saka ta a adashi, in yaro ya kwanta wani ya ɗauke su a babur zuwa asibiti cikin dare. A cikin wannan zaman ne rediyon ya sami wurinsa, kaman gishiri a miya.

Yadda muke yi, bayan tuwon dare a shimfiɗa tabarma a gidan da layi ya zo kansa, a kunna sura ɗaya tak, da Markus muka fara don shi ne gajere surori 16, sai a kashe a tambayi kowa me ka ji. Nan ake jin tambayoyin da ba a iya yi ranar Lahadi a gaban jama'a. Wata baiwar Allah da ke ajin baftisma, da muka kai sura ta 5 wajen mutumin nan mai aljanu da ke zama a makabarta, ta ce a mayar mata, aka mayar, sai ta tambayi matar fasto ta ce Mama, to ni da aka ce iskar gidanmu ba ta barin mutum fa? Daren nan ba mu wuce wannan tambayar ba. Mama ta amsa, wata tsohuwa da ita ma ta fito daga bori tun da daɗewa ta ba da nata labarin, aka yi addu'a, kuma tsohuwar nan ta ci gaba da leƙa ta kullum da safe. Da ita kaɗai ta ji surar a ɗakinta wa za ta tambaya? Ko mutumin Habashan nan na Ayyukan Manzanni sura 8 da Littafin a hannunsa sai da Filibus ya hau karusarsa ya zauna kusa da shi.

Akwai kuma wani amfani da ya kamata mu manya mu yarda da shi. Ƙaramar ekklesiya kowa ya san tukunyar kowa, kuma wani lokaci mukan ɗora wa sabon mai bi dokokin da al'adarmu ce kawai ba Maganar Allah ba, ko a ga ya yi tuntuɓe ya koma shan burkutu sau ɗaya maganar ta zaga gari kafin dattawan ekklesiya su je su same shi. Wannan yana min ciwo ƙwarai don na ga waɗanda hakan ya kora. Tunda suka fara ji da kunnensu sai ka ji sabon mai bi ya ce Baba, ai na ji Bitrus ma ya yi musun Ubangiji kuma ba a kore shi ba. Maganar nan ta gyara mu mu ma.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba, lasifikar ba ta da ƙarfi, tsakar gida ta isa amma in an cika majami'a na baya ba sa ji. Maɓallan ba rubutun Hausa, alamomi ne kawai, tsofaffi sai sun sha koyo, kuma neman sura mai nisa wahala ce, kai dai ka ce za ka je Zabura 119 ka ga yadda babban yatsa zai gaji. Babu waƙoƙi a ciki, da an saka ko kaɗan daga na littafin waƙoƙinmu da ya ƙara armashi. Sannan kar ya sa a yi sanyi da ajin yaƙi da jahilci, mu Malam mai bishara yakan sa a buɗe Littafin ana bin layi da yatsa lokacin da ake saurare, wasu ta nan suka fara gane baƙi.

In za ku saya ku gwada kowane maɓalli tun a shago, ku tabbata yana da ramin caji irin na waya ba sola kaɗai ba, kuma ku tambaya wace fassara ce a ciki kafin ku biya. A ba mutum ɗaya amanar ajiyarsa da tsara layin gidaje, mu shugabar Zumuntar Mata muka ba, in kuma kuɗi ya kai ku sayo biyu don unguwannin da ke tsallaken rafi da damina ba sa iya zuwa.