NaHS ko sinadarin da haske ke buɗewa?

Malama, kin tambayi wanne ya fi tsakanin gishirin NaHS, mai sakin iskar H2S (hydrogen sulfide) da zarar an narkar da shi, da sinadarin da ba ya sakin iskar sai an haska shi; to, na biyun za ki ɗauka don gwajin ƙwayoyin halittarki.

Na yi aiki da irin wanda aka kulle da o-nitrobenzyl, wato wani ɓangaren sinadari da ke riƙe iskar kamar kwado, wanda hasken UV na 365 nm ke buɗewa, a wani ɗakin gwaji a nan Bauchi. Ranar farko na lulluɓe rabin farantin gwaji mai ramuka da takardar alminiyam, na kunna fitila a kan ɗaya rabin na 'yan mintuna. Da na duba da sinadarin gano H2S mai ƙyalli, ɓangaren da haske ya taɓa ne kaɗai ya amsa, na ƙarƙashin takarda kuwa ko motsi bai yi ba, har sai da na kira abokin aikina ya zo ya gani da idonsa. Amfaninsa ke nan: ke ce mai zaɓen lokaci da wuri, kuma kina iya sakin iskar kaɗan-kaɗan, kusa da yadda CBS da CSE, wato enzayim biyu na jiki, ke samar da ita.

Sai dai UV yana illata ƙwayoyin halitta, ragowar sinadarin bayan ya buɗe ma ba a rasa ta da guba, don haka dole ki ware wasu ramukan da haske kaɗai za su sha, wasu kuma ragowar kaɗai. Idan kuɗin bincikenki sun kai, akwai waɗanda hasken da ido ke gani yake buɗewa, su saki iskar COS (carbonyl sulfide), sannan wani enzayim na jiki mai suna carbonic anhydrase ya mayar da ita H2S.

NaHS kuwa arha ce kawai abin yabonsa. Yana zubar da iskar gaba ɗaya, cikin mintuna ta tsere, a bar ki da warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ki yi hattara da dillalai. Wani ya taɓa kawo mini NaHS da ya yi rawaya sosai saboda gurɓacewa, yana rantsuwa sabon shigowa ne. Duk wanda ya miƙo miki sinadarin haske a farar kwalba, ko babu takardar shaidar ingancinsa mai lamba ɗaya da ta jikin kwalbar, ki mayar masa da kayansa. Ki sayi kaɗan, ki naɗe shi da alminiyam, ki ajiye a firizar da ke kan janareta.